Robar Resor da Goran Inna

Shekarun baya can, soja na kan mulki, ina da wata tsohuwar mota a Filinge wadda buhun hatsi biyu ke zaunar da bayanta ƙasa. Jandarmomi kuwa da sun hango ta a haka sai su ce a sauke kaya. Abin da ya hana ni sukuni shi ne motar abokina, sa'ar tawa ce, amma ita tsaye take ƙyam. Ni kuma Allah ya yi ni da bin diddigi. Ranar kasuwa na kwanta a ƙarƙashinta, da riga fara, ina leƙe.

"Mi kaka biɗa nan?" in ji shi. "Roba ta, ba asiri ba."

Ya nuna mini resor, murɗaɗɗen ƙarfen nan da ke ɗauke da nauyin mota. Ashe tsohuwar taya ya sa mai takalma ya yanka masa, ya cusa tsakanin murɗin don kada ya lanƙwashe. Ya ce biyu sun isa kowane gefe. Ni da son ganin ƙarshen abu, na cusa huɗu huɗu a tawa motar.

Washegari mahaifiyata ta ce in kai ta Sanam wajen yayarta. Tun rabon shanun mahaifinsu ba su ƙara magana ba, ga shi an ce yayar ba ta da lafiya. Inna ta cika gora da kindirmon saniyarta, ta rungume da hannunta da ya daɗe yana mata ciwo. Shi ne bikonta, ba ta da wata kalma da ta tanada.

Muna hawa hanyar burji mota ta fara tsalle. Haƙorana na haɗuwa, goran na ta ɓalam-ɓalam.

"Ɗan nan, mota ta ko jaki?" in ji Inna. "Ka ɓata min nono, da wane ido ni ka shiga gidanta?"

Da muka isa ta girgiza goran, ta ji ya tsinke ya zama ruwa. Na ga idonta ya kawo hawaye. Haka ta shiga ta miƙa shi, kanta a ƙasa.

Yayar ta tashi zaune da ƙyar, ta juye a ƙwarya. Sai ga curin man shanu fari yana yawo a sama. Ta daɗe tana kallonsa.

"Ke da ciwon hannunki kinka zamna kinka kaɗa min mai?" in ji yayar. "Taho nan, ƙanwata."

Inna ta juyo ta zuba mini wani kallo, na gane ma'anarsa, na ja bakina na yi shiru. Kwana suka yi suna hira.

Robar dai na rage ta, don bayana ya fi mako yana ciwo. Amma har yau nakan tambayi kaina yadda za ta kaya da kindirmon ya isa lafiya lau. Ban sani ba, kuma babu wanda zan tambaya, dukansu sun riga mu gidan gaskiya. Yayar ta rasu tana gaya wa duk mai zuwa gaishe ta cewa ƙanwarta ta kaɗa mata mai da hannu mai ciwo, ni kuwa ban taɓa gyara mata zancen ba.