Matar da Ta Zo Neman Jinina

A shekarar da muka koma Kurudu maigidana ya fara tari. Ɗaki ɗaya muke kwana mu uku, ni da shi da 'yarmu mai shekara huɗu. Mun sha wata uku muna cewa ƙurar katako ce, don kafinta ne, kafin asibiti su ce tarin fuka ne. Da aka gwada mu, yarinyar ta kamu. Ni da nake wanke masa kofi, nake share kakinsa, ba a ga komai a jikina ba.

Suna cikin shan magani wata mata ta yi sallama a ƙofarmu, doguwa, da tabarau da farin mayafi, tana riƙe da ƙaramar kula. Ta ce ita mai bincike ce a kan garkuwar jiki, asibiti ne suka haɗa ta da mu. Na nuna mata inda maigidan yake kwance.

"A'a, Malama, wajenki na zo," in ji ta. "Jininki nake roƙo, in kin yarda."

Ban yarda ba. Matan cocinmu sun sha faɗin cewa sayar da jinin mutane ake yi. Na gaya mata haka ido da ido. Ba ta ji haushi ba, ta ce in zo in ga inda ake kai shi.

Ranar Asabar na hau mota har Utako, ta aiko aka ɗauke ni. Ɗakin gwajin sanyi ƙalau, ɗalibanta matasa sanye da fararen riguna sai "Dakta, Dakta" suke yi. Ta soki yatsana, ta shafa ɗigon jinin a gilashi, ta sa masa launi, ta ce in leƙa madubin da ke ƙara girman ƙananan abubuwa. Na ga wasu 'yan ƙwayoyi masu ruwan shuni a warwatse. Ta ce akwai mutanen da irin waɗannan ƙwayoyin nasu ke kashe cutar tun ba ta zauna ba, shekara da shekaru tana neman sanin yadda suke yi, ko a samu rigakafin da ya fi na yanzu.

Sai kawai na fashe da kuka. Na ce, "Dakta, in ina da wannan abin, me ya sa ban ba 'yata ba? Ni fa na shayar da ita."

Ta sallami ɗaliban, ta ja kujera kusa da ni. Sai ta ce yayanta wannan ciwon ne ya kashe shi tana sakandare, kuma ita ke kai masa abinci kullum.

"Ni ma ban kamu ba," ta ce. "Ban san dalili ba har yau. Amma ba laifinki ba ne, wannan kam na sani."

Na naɗe hannun rigata na miƙa mata.

Maigidan da yarinyar suka warke sarai. Dakta ta ci gaba da zuwa lokaci-lokaci, ta ɗebi jini, ta zauna a bencin da maigidan ya ƙera ta sha ruwa. Ɗaliban da ke rako ta suna ta sauyawa. Wani ya tafi waje karatu, wata ta buɗe nata ɗakin gwajin, amma duk irin zamanta suke yi, sai sun tambayi lafiyar kowa kafin su buɗe kula.

Bara wata tsohuwar ɗalibarta ta zo ita kaɗai, ta ce Dakta ta yi ritaya, gwiwoyi sun matsa mata. Na auni acca daga wadda aka aiko mini daga gida, na je gaishe ta. Na tarar da ita a falo, takardun ɗalibai jibge a gefenta, tana gyara musu da jan biro.

"Dakta, kin samo amsar?"

"Ɗan gutsure," ta yi dariya. "Yaran nan za su ƙarasa, sun fi ni kaifin ido."

Ta buɗe ledar, ta murza accar da yatsu, ta ce ba ta taɓa iya wanke ta ba, kullum sai ta tauna tsakuwa. Na kama hannunta muka taka a hankali zuwa kicin, na ce ta nuna mini inda ƙoranta suke.