Ranar da Aka Tare Bas ɗin Direba Pyo

Shekara goma sha tara Pyo Deok-bae ya yi yana tuƙa bas ɗin ƙungiyar ƙwallon garinmu. Masu horarwa shida ne suka zauna a kujerar da ke bayansa, kowanne ya yi zamaninsa ya kwashe kayansa, kuma babu wanda ya taɓa tambayarsa abin da ya gani a wasa. Shi ma bai taɓa sa baki ba. Ɗan masunci ne da teku ta ƙi tun yana yaro, da ya hau jirgi sai amai, har uban ya haƙura ya bar shi ya koyi tuƙi. Ya yi shekara goma sha ɗaya a bas ɗin haya na layin kasuwar kifi kafin ƙungiya ta ɗauke shi. Abin da aka san shi da shi farar safar hannu ce, wadda yake wankewa da kansa ya shanya a kan sitiyari, sai kuma shiru irin wanda ke sa matarsa, Mal-sun, ta ji kamar ta kifa masa tukunya a kai.

Sau goma sha ɗaya magoya baya suka tare masa mota. In ransu ya ɓaci, sai su zauna dirshan a ƙofar fita ta filin wasa, bas ba ta motsi har koci ya sauko ya karɓi lasifika, ya sunkuyar da kai ya yi bayani. Direba kuwa ko oho. Ya kashe inji ya zauna, fitsari na neman kashe shi, ba mai ce masa sannu. Mafi tsawo a zamanin Koci Tak ne, awa uku da minti ashirin. Tak ɗin nan yaransa na taka leda kamar masu rawa, ƙwallo daga ƙafa zuwa ƙafa har mutum ya manta akwai raga, sai a tashi an zura musu uku. Shi ya gangaro da mu rukuni na biyu. Bayansa aka yi ta lalube, sai bana aka kawo Koci Bong, gajere mai wuya kamar na bijimi, wanda ke jera mutum tara a gaban gola ya bar ɗaya yana gadin tsakiyar fili. Kullum ci ɗaya mai ban haushi, ko canjaras. Cikin wata huɗu muka hau na biyu a tebur, gari kuma ya rabu gida biyu.

Chun-sik mai sayar da ƙanƙara a kasuwar kifi, wanda ke buga babbar ganga a bayan raga, shi ne jagoran masu cewa wannan ba ƙwallo ba ce. Gil-ja mai shagon miyar ƙashi a bakin fili ita ce uwar masu cewa maki uku ba su da muni. A shagonta suke haɗuwa, Pyo na gefe yana cin shinkafarsa.

"Yaya, ni fa wasa na zo kallo, ba ginin katanga ba," in ji Chun-sik.

"To je ka kalli rawa a talabijin. Lokacin mutumin naka ai nan kake zuwa kana zuba mini hawaye a miya."

"Kukan nan ma ya fi hammar da muke yi yanzu daɗi."

"Kai ka ji da hammarka. Ci ka tashi, akwai masu jiran kujera."

In suka juyo suka ce, "Baba Direba, kai fa me ka gani?" sai ya ce a ƙaro masa kimchi, kabejin nan mai tsami da yaji.

'Ya ɗaya gare shi tilo, Hye-rim, ma'aikaciyar jinya. Shekara guda cur kafin bikinta suka kama zauren aure, Asabar ƙarfe biyar na yamma, ranar da babu wasa. Zauren nan minti hamsin yake ba kowace amarya, wata ta fita wata na tsaye a bakin ƙofa, ko kai wane ne ba a jiranka. Sai guguwar teku ta zo ta ɗage wani wasan gida, aka ɗauko shi aka dire a kan Asabar ɗin, ƙarfe ɗaya na rana.

Akwai direban wucin gadi fa. An ma kira shi. Amma kyaftin ɗin 'yan wasa ya zo har gida da kwalin 'ya'yan itace, ya durƙusa ya ce tun da suka fara nasara ba wanda ya sake kujera a bas, ba wanda ya aske gemu, in aka sake direba a wasan da zai iya kai su saman tebur, yara za su karaya. Mutum da furfurarsa, ya haifi 'ya ɗaya, ya zauna ya saurari wannan shirme, kuma ya ce to.

Ya yi wa matarsa lissafi. A tashi ƙarfe uku, a bar fili uku da rabi, minti ashirin zuwa sansanin ƙungiya, ya hau tasi, huɗu da kwata yana zaure.

"In suka tare ka fa?" in ji Mal-sun.

"Ba a tare mota ranar nasara."

"In aka ci ku fa?"

"Ba a cin Bong."

"Baban Hye-rim, dube ni da kyau. Ni zan tsaya a ƙofa ina gaida baƙi ni kaɗai kamar wadda mijinta ya mutu, na ji, na ɗauka. Amma biyar ta buga ba ka nan, ƙanena zai kama hannun yarinyar nan ya shiga da ita, a ɗauki hoto, a rataye a falo, ka riƙa ganinsa har ka mutu."

Ranar ya sa baƙar kwat ɗinsa a ciki, fure a ƙirji, ya ɗora rigar ƙungiya a sama ya ja zif har wuya.

Muka ci wasa. Minti takwas da farawa aka bugo kwana, ƙwallo ta bugi gwiwar wani ɗan bayanmu ta gangara ragarsu, shi ma bai san ya ci ba. Sauran minti tamanin da biyu kuwa da ƙwallo ta zo sai a doka ta cikin 'yan kallo. Da alƙali ya hura tashi muna saman tebur. Pyo ya sauke ajiyar zuciya, ya ta da inji.

Yana karya kwana zuwa ƙofar fita ya gan su. Chun-sik da gangarsa, da mutum kamar tamanin zaune a kwalta, sun juya tutocinsu kai a ƙasa, suna rera cewa a dawo musu da ƙwallonsu. Bai gama taka birki ba sai ga Gil-ja da nata mutanen sun zo korarsu. To a ina suka tsaya don korar? A kan hanyar. Tamanin suka zama ɗari biyu, suna nuna wa juna yatsa a gaban gilashinsa.

Koci Bong ya harɗe hannu. "Na ci wasa. Haƙurin me zan ba su?"

Kyaftin ya matso ya raɗa masa maganar biki.

"Minti biyar za su gaji," in ji Bong.

Huɗu saura goma. Huɗu da biyar. Waya na ta rawa a aljihun Pyo, bai ɗauka ba, ya san wace ce kuma ya san abin da za ta ce. Kyaftin ya ce, "Baba, ka sauka ka bi ta baya ka hau tasi, mu za mu jira." Ya girgiza kai. Tun da ya fara tuƙi bai taɓa barin mota da mutane a ciki a tsakiyar hayaniya ba, kuma ba wani mai lasin babbar mota a wurin. Ya zauna yana kallon agogo, yana ganin surukinsa, ƙanen Mal-sun, wanda ko ranar haihuwar yarinyar bai sani ba, riƙe da hannunta.

Huɗu da ashirin da biyar ya ja birkin hannu, ya tuɓe rigar ƙungiya, ya buɗe ƙofa.

Suka ɗauka koci ne, suka fara ihu. Da suka ga tsoho da kwat da fure sai ihun ya mutu. Ya taka har gaban Chun-sik ya miƙa hannu, shi kuwa ya ba shi lasifikar da hannu biyu, don dai ya girme shi da shekara ashirin.

"Chun-sik," in ji Pyo. "Shekara huɗu da suka wuce a nan ka zauna, da gangar nan, kana cewa Tak ya tafi. Awa uku da minti ashirin. Yau kuma nemansa kake."

Wasu suka tuntsire da dariya.

"Ke ma Gil-ja kada ki yi dariya. Daga inda nake tsaye na hango ki yau kina gyangyaɗi bayan hutun rabin lokaci."

Gil-ja ba ta ma ji ba. Ta kutso tana ture mutane, ido waje. "Yaya Deok-bae! Me kake yi a nan? Na rantse na ɗauka wani ne a sitiyari! Ba yau Hye-rim... Kai, ƙarfe nawa?"

"Biyar za ta shiga."

Ta dafe kai, ta juya kan taron. "Ku tashi! Marasa kunya, za ku hana mutum kai 'yarsa! Chun-sik, ɗauke gangar nan kafin in fasa ta a kanka!"

Chun-sik ya yi jawur har kunne, amma bai motsa ba. "Yaya, ba mu sani ba. Amma in muka tashi koci bai sauko ba, gobe wa zai saurare mu?"

Sai ga Bong a matakalar bas. Ya sauko yana huci, ya wuce su duka, ya tsaya gaban Pyo ya sunkuya har ƙasa, irin sunkuyon da bai taɓa yi wa shugaban ƙungiya ba. Sannan ya karɓi lasifika.

"Wasan yau ba kyau. Ni ma ina da ido. Amma da yaran da nake da su, haka zan buga mako mai zuwa. Mai magana ya zo sansani ranar Talata, zan zauna da shi har ya gaji."

"Kun ji ko? Ya ce ba kyau!" in ji Chun-sik, ya miƙe.

"Ya ce haka zai buga!" in ji Gil-ja.

Kowa ya ɗauki rabin da ya yi masa, hanya ta buɗe. Huɗu da talatin da takwas.

"Bar sansani," in ji Bong da suka hau. "Zauren za mu."

Chun-sik ya shiga gaba da babur ɗin kai ƙanƙara yana ta hon, Gil-ja a bayansa da rigar girki. Pyo kuwa, ko a ranar, sai da ya tsaya a kowace jar danja. 'Yan wasa ashirin na ihu ya wuce, shi yana riƙe da sitiyari da hannu biyu kamar mai ɗauke da ƙwai.

Biyar saura huɗu ya tsaya a ƙofar zaure. Ya hau bene da ƙafa don lif ta cika. A bakin ƙofar ya tarar da surukinsa har ya sa farar safar hannu da iyayen amarya ke sawa, yana tsaye kusa da amarya yana gyara wuyan riga. Mal-sun ta matso. Ta fizge safar daga hannun ƙanenta ta miƙa wa mijinta, sai a lokacin ta zauna a kujera ta rufe fuska.

"Baba, bar taka ta tuƙi," in ji Hye-rim, ta kama hannunsa da tsohuwar safar, da baƙin sitiyari a tafinta. "Gumi kake. Yi numfashi, an kusa buɗewa."

Aka buɗe ƙofa, ya shiga da ita, a hankali yadda yake tuƙi.

A ɗakin cin abinci bai kai ga rabin taliyar biki ba ya ji uban ango, dattijon da aka ce ba ruwansa da hayaniya, ya jawo kujera kusa da Koci Bong yana tambayarsa cikin ladabi me ya sa ɗan gaba ɗaya tak. Gil-ja ta ajiye tsinkayen cin abincinta, Chun-sik ya matso. Pyo ya sunkuyar da kai a kwanonsa.

Sai ma'aikaciyar zaure ta zo tana tambaya ko wa ke da babbar motar da ke ƙofa, ta tare motar amaryar ƙarfe shida, uban yarinyar na can yana faɗa.

Pyo ya miƙe tsam, ya bar taliyar. Mal-sun ta bi shi da harara, amma ita ta zaro masa makullin daga aljihun kwat. Ya sauka da gudu-gudu, fure na lilo a ƙirjinsa, ya ba mutumin haƙuri sau uku, ya ja bas ɗin gefe.