Dakta Ishaya Samson da Na'urar da Ke Tsoron Ruwa

Haihuwa da Karatu

An haifi marigayi Dakta Ishaya Samson a shekarar 1961 a Bompai, cikin Kano. Mahaifinsa, Samson, mutumin Zonkwa ne da ke aiki a masaƙa, mahaifiyarsa Laraba kuma tana sayar wa ma'aikata abinci. Ya fara karatu a unguwar Nassarawa, ya nazarci ilimin duwatsu da ma'adinai har ya kammala digiri na uku a 1996.

Aure da Aiki

Ya auri Malama Talatu a 1990. A 2008 ya assasa ɗakin bincike a jami'ar da yake koyarwa, abin da magabatansa a sashen suka nema bai samu ba. Da hotunan tauraron ɗan'adam yake bin sawun ruwan da majemun Sharaɗa da Challawa ke zubarwa, sannan ya auna ƙasar gonakin da ruwan ke bi da wata na'ura mai amfani da hasken da ido ba ya gani. Sakamakon ne ke gaya wa masu noman lambu inda guba ta taru.

Gilashin na'urar da gishiri aka yi shi, danshi kaɗan na iya cinye shi. Saboda haka damina ba ta taɓa samun sa da kwanciyar hankali ba. Idan ƙwayoyin da ake sa wa na'urar don tsotse danshin suka jiƙe, kuma babu wutar lantarkin busar da su, gida yake kai su a gasa a kaskon uwargidansa, wadda takan ce, “Baban Naomi, kaskon nan nawa ne ko na gwamnati?”

Shekarun Ƙarshe

A 2019, yana kwance a asibiti, aka umarci ɗalibai su tsabtace ɗakin binciken domin zuwan baƙi. Cikin kyakkyawar niyya suka goge gilashin da jiƙaƙƙen tsumma, ya dushe. Ɗaya tak ya rage a ajiye, kuma kamfanin ya daina ƙera irinsa. Daga nan bai sake tafiya hutu da damina ba.

Rasuwa

Ya rasu a watan Mayun 2024, hadari ya fara haɗuwa, ba a kuma naɗa wanda zai gaje shi a ɗakin ba. An yi jana'izarsa a Zonkwa. Makullin yana ofishin shugaban sashe, masu lambu kuma suna ta kawo ƙasa a leda don a auna.

Ya bar matarsa da 'ya'ya uku: Naomi, Yusufu da Salama.