Mai Injin Niƙa a Tsakiyar Tafki

Tun yana saurayi yake tsaye a kan injin niƙa. Shagon ɗan ƙarami ne a bayan kasuwa, rufin kwano, gari ko'ina har a gashin idonsa. Da safe mata da yara su jera kwanuka da robobi a ƙofa, shi kuwa ya ja igiya inji ya tashi, daga nan magana ta koma ta hannu. Bel ɗin da ke juya inji ya tsinke ya ɗinke shi, haƙoran inji su cinye ya kai a wasa su. Da injin nan ya yi aure, da shi ya sa yaransa a makaranta, shi ne kuma ya cinye masa kunne.

Matarsa ce ta fara lura. Sai kawai ta koma zama ta hagunsa, ɓangaren da ya rage da ɗan ji. In baƙi suka zo suka yi ta zuba, sai ta sunkuyo ta ce, “Wai suna gaishe ka.”

“Duk wannan motsin bakin gaisuwa ce?”

“Sauran gulma ce, na tace maka.”

Haka suka tsufa, duniya tana zuwar masa ta bakinta. Da ta rasu bayan 'yar gajeruwar jinya, babban ɗansa ya ce zaman kaɗaici ya isa. Aka sayar da inji, aka kwaso tsoho zuwa gidan ɗan, aka ba shi ɗakin da ke kusa da ƙofa. Ba wanda ya wulaƙanta shi. Surukarsa ba ta taɓa barin abincinsa ya huce ba. Sai dai magana da shi aiki ne, kowa kuma a gajiye yake dawowa. A faɗa sau ɗaya ya ce na'am, a maimaita ya ce na'am, sai a ce, “Ba komai, Baba,” a wuce. Jikoki suka sa masa Kaka Na'am. Ya ji sunan, ya yi dariya, daga baya ya daina tambaya gaba ɗaya. In ya ga ana dariya a falo sai ya yi murmushi don kada ya ɓata wa mutane hira.

Wani hutu ɗan ya shirya wa iyalinsa tafiya zuwa wani gandun daji na gwamnati, can nesa cikin duwatsu, inda ake yabon tafkunansa. An tafi da tsoho ne saboda babu wanda za a bar shi da shi, ya kuma gane hakan. Aka ɗauki hayar ƙaramar bas, aka sa shi kujerar baya tare da jakunkuna. Kwalta ta ƙare, aka shiga hanyar ƙasa, wayoyi suka daina kama sabis, yara suka yi waƙa suka yi faɗa suka yi barci. Shi dai yana kallon ƙeyoyinsu.

Da suka isa, ma'aikacin gandun ya ce tafkin da ya fi kyau yana kan tudu, sai an taka da ƙafa. Ɗan ya dubi gwiwar mahaifinsa, ya matso ya ɗaga murya: “Baba, hawan da wuya! Ka zauna nan ka duba mana kaya!”

Aka zaunar da shi a wata rumfa a bakin tafkin ƙasa, tsakanin jakunkuna da kular ruwa. Ya bi su da ido har bishiyoyi suka haɗiye su.

Tafkin ƙasan ma ba na rainawa ba ne. Ruwan kore shar, a kwance kamar an goge shi, duwatsu sun leƙo suna kallon kansu a ciki. Wasu fararen tsuntsaye suna sauka suna tashi. Ya juya hagu zai ce kin gani, sai ya ga kular ruwa. Ya gyara hularsa.

Can wani mai kwale-kwale, dattijo kamarsa, da ya gaji da jiran fasinja, ya yafito shi. Tsoho ya nuna kayan. Mutumin ya hau gaɓa, bai yi shawara da kowa ba, ya kwashi jakunkunan ya zuba a kwale-kwale, ya ɗora kula a kai, ya miƙo masa hannu. Wanda bai taɓa hawa ruwa ba, sai ga shi a zaune ya riƙe katako hannu bibbiyu yana karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa.

Mai kwale-kwale yana tuƙi bakinsa yana motsi. Tsoho ya yi ta gyaɗa kai, har kunya ta kama shi, ya taɓa kunnensa ya ce, “Ɗan'uwa, kada ka wahalar da bakinka. Inji ya gama da su tuntuni.” Mutumin ya yi dariya har dasashi ya bayyana, ya koma nuni da haɓa: ga kifi, ga wata bishiya da ta mutu a tsaye cikin ruwa. A tsakiyar tafki ya ɗora filafili a cinya, ya bar kwale-kwalen yana lilo.

Nan bakin tsoho ya buɗe. Ga mai saurare, kuma ba a jiran amsa daga gare shi. Ya ba da labarin shagon, da ranar da bel ya kusa tafiya da yatsansa. Ya ba da labarin matarsa, yadda take tsoron ruwa ko na kwata ne, da yadda take tace masa hira. Ya ce, “Yarana mutanen kirki ne, wallahi ba abin da na rasa. Amma tun da ta tafi ban san abin da ake dariya a kai ba a gidan. Sai in ga haƙora kawai. Wani lokaci har so nake a yi mini faɗa, in dai za a ƙarasa maganar.”

Abin da bai sani ba, wanda kunnensa ya yi nauyi ba ya jin ƙarfin muryarsa, ruwa kuma yana ɗaukar magana ya kai ta nesa. Iyalin sun sauko, sun tarar ba tsoho ba kaya, suna tsaye a gaɓa hankali a tashe, sai ga muryarsa tana zuwa tar a kan ruwa. Har wasu 'yan yawon buɗe ido da ke gefe suka tsaya suna saurare.

Da kwale-kwale ya dawo, tsoho ya zaci faɗa za a yi masa saboda kayan, ya fara ba da haƙuri. Ɗan ya kama hannunsa ya fito da shi bai dube shi ba. Surukar tana ta goge ido da gefen mayafi. Sai a mota ta sunkuyo ta hagunsa ta ce, “Baba, duk mun ji ka.” Ya ɗauki lokaci kafin ya gane. Kunya ta rufe shi, ya kafa ido a taga har gida.

Bayan haka gidan ya yi ƙoƙari. Aka kai shi asibiti aka samo masa na'urar kunne, ya ce ƙara kawai take zuba masa, ya ajiye ta a aljihun riga. Jikoki suka riƙa yi masa ihu a kunne har suka gaji. Makaranta ta koma, aiki ya taso, a hankali falo ya koma yadda yake. Ɗan ne kaɗai bai saki ba. In ya dawo daga ofis da yamma yakan shiga ɗakin bakin ƙofa da takalmansa a hannu, ya zauna a bakin katifa. Bai iya doguwar hira ba, tun yana yaro haka yake. Yakan ce an yi zafi yau, ko motarsa ta sake lalacewa, ya maimaita har sai an ji, sannan su ci gaba da zama su biyu har a kira ɗan cin abinci.