Safar Gidan su Ottavio

Ottavio Bracaglia shi ke ja wa filin wasan yara layi a Nettuno, wani gari na bakin teku. Shekara arba'in da ɗaya ke nan, duk ƙarshen watan Yuni idan gasar besbol ta yara ta zo, zai turo 'yar kurarsa cike da farar ƙasa, ya ja layi biyu daga inda mai bugun ƙwallo da sanda ke tsayawa har ƙarshen fili. Ko igiya ba ya ɗaurawa, kuma layinsa bai taɓa karkacewa ba. Sauran watanni gyaran injin kwale-kwalen masunta yake yi, amma wa ya san shi da wannan? Ka ce Ottavio na layi, ko yaron goye zai nuna maka gidansa.

Gidan nasu suna da wata safar fata ta cafe ƙwallo, tsohuwa tukuf, ta yi baƙi saboda man zaitun da ake shafa mata. Mahaifinsa Quirino ne ya karɓe ta a hannun wani sojan Amurka bayan yaƙin duniya na biyu, ya ba shi kwandon kifi. Tun daga nan, duk ɗan gidan da zai buga wasansa na farko a gasar ita zai sa, idan an tashi a rubuta sunansa a cikinta. Suna uku ne a ciki: Quirino, Ottavio, sai Fulvio.

Safar a hannun hagu ake sa ta, a yi jifa da dama. Shi kuwa Fulvio, ɗan Ottavio tilo, bahago Allah ya yi shi.

"Ka sayo wa yaron nan tasa mana!" in ji Nerina, matar Ottavio. "Ana sayar da ta 'yan hagu, ba a wata duniyar take ba."

"Ta ubana zai sa," Ottavio ya ce. "Hannu ai koyo ne."

Bazara biyu ya yi yana tsare yaron a tsakar gida, hagu a cikin safa, dama tana jifa. Fulvio ya sa safar yana ɗan shekara goma, aka rubuta sunansa. Amma jifan nasa, kai, kamar mai korar kaji, har yara suka sa masa suna da shi. Yana shekara sha huɗu ya ajiye safar a kan teburin kicin, bai ƙara taka filin ba. Ya girma ya zama direban babbar mota, ya auri Loredana, suka tare a Aprilia. Tafiyar rabin awa ce, amma sai Kirsimeti da Ista ake ganinsu. Shi da ubansa ba su taɓa faɗa ba, kuma da sun yi da ya fi. In sun haɗu, hirar taya da tsadar mai suke yi.

A watan Fabrairun bana zuciyar Fulvio ta tsaya yana sauke akwatunan lemo. Shekararsa arba'in da uku.

Ottavio bai yi kuka ba. Ya ɗauki gefen akwatin gawar kamar yadda yake ɗaukar inji, ya ajiye inda aka ce ya ajiye. Mutane suka riƙa kama hannunsa, shi kuma yana kallon takalmansu. Nerina ta yi kukan mutum biyu. Shi dai yana tashi, yana zuwa bakin ruwa, yana dawowa. Ranar da ta manta gishiri a miyar taliya ya cinye tas, bai ko lura ba.

Ana saura sati uku gasa Loredana ta bugo waya. Ta ce 'yarsu Dalia, mai shekara sha ɗaya, za ta buga a ƙungiyar Nettuno, kuma Fulvio da kansa ya sa sunanta tun Janairu. Ottavio bai ma san yarinyar tana wasa ba. Ya ajiye wayar, ya ɗauko safar, ya zauna yana shafa mata mai. Jika ɗaya gare shi. In ba ta sa ba, sunayen sun ƙare a kan Fulvio ke nan.

Nerina ta tsaya a kansa. "Yarinyar nan da hagu take riƙe cokali. Ka ji ni ko? Ka maimaita abin da ka yi wa ubanta, na rantse gidan 'yar'uwata zan koma."

Ya ci gaba da shafa mai. Shi kansa bai san me zai yi ba, bai kuma ji komai a ransa ba.

Ranar gasar tun da safe ya ja layin farko. Tullio mai rumfar kofi, abokinsa tun suna 'yan gajeren wando, ya leƙo ya ce, "Tsoho, yau ma ba igiya? Wata rana idon nan zai ba ka kunya."

"Kai dai ji da ruwan wankin da kake sayarwa."

Bai kai ga layi na biyu ba Loredana ta iso da yarinyar. Dalia siririya ce, hula ta yi mata yawa, ga tata safar ta 'yan hagu rataye a jikin jaka.

"Baba, ga ta nan," in ji Loredana. "Fulvio ya ce in kawo ta, na kawo."

Ottavio ya ciro tsohuwar safar daga takardar burodi da ya naɗe ta, ya tsaya riƙe da ita. Dalia ce ta fizge.

"Nonno," ta ce, wato kaka da harshensu, "ita ce wannan? Taɓ! Warin kifi take yi."

"Man zaitun ne, ja'ira."

Ta zura hannun hagu a ciki, ta ja da baya taku goma sha.

"Ke ba bahaguwa ba ce?" ya tambaya.

"Ni ce mana. Jefo dai."

Ya jefa mata ƙwallo. Ta cafe da safar, ta danna safar a hammatar dama, ta zaro hannun hagun da ƙwallon a ciki, ta wurgo. Duk kafin ka ƙifta ido. Ƙwallon ya zo a miƙe, ya sauka tas a tafin Ottavio da ba safa.

"Wa ya koya miki wannan?"

"Babana. Shekara biyu muna yi, duk Lahadi, a bayan gareji. Ya sayo wata tsohuwar safa irin wannan a gwanjo. Ya ce Nonno ba zai canza ba, safar ma ba za ta canza ba, sai dai mu mu nemi dabara. Ya ce kada in gaya maka sai ranar." Ta gyara hula. "Ya ce da farko za ka ɗaure fuska, daga baya ka ce hannu ai koyo ne."

Loredana ta juya tana kallon wajen motoci.

Tafin Ottavio ya yi ja yana zugi. Ya tsaya yana kallonsa, don tun Fabrairu ba abin da ya yi masa zafi sai yau.

"Da yana koya miki," ya ce, "da wane hannu yake jefo miki?"

"Da dama. Kullum sai na bi ƙwallon cikin ciyawa, bai iya ba sam." Ta yi 'yar dariya. "Na ce ya gwada hagu mana. Ya ce ya manta yadda ake yi."

Kocinsu ya busa usur, ta ruga da safar a hannu.

Saura layi ɗaya. Ottavio ya kama kurar ya tura. Ɗansa yake so, yanzu-yanzun nan, ya zo ya tsaya a tsakar gida, shi Ottavio ya cire wa yaron safar nan daga hannu. Ya yi taku kaɗan filin ya fara rawa a idonsa, amma bai tsaya ba. Yana tafe yana kuka, baki buɗe, farar ƙasa tana zuba a bayansa.

Tullio ya fito daga rumfa zai yi tsiya, ya ga fuskarsa, ya koma ciki.

Layin ya lanƙwashe kamar ƙugiyar masunta. Alƙalin wasa ya zo ya duba, ya dubi tsohon, ya ce a fara. A kan wannan layin aka buga gasar bana, kwana uku, ba wanda ya share shi.