Balki ta Fito Aljana, Ni na Fito Yarinyar Kirki

Bana shekara ashirin da biyar ke nan da rasuwar ƙawata Balkisa, wadda mutanen Maraɗi na zamaninmu suka fi sani da Aljanar Jiratawa. An ce in rubuta wani abu a kanta tunda ni na fi kowa kusa da ita. Zan rubuta, amma kada mai karatu ya sa ran yabo zalla. Na so Balki, na kuma yi kishinta tun muna 'yan mata, mutuwa kuwa ba ta raba ni da ko ɗaya ba.

Muna lise, wato babbar sakandare, lokacin da jam'iyyu suka fara fitowa. Yau yajin aikin malamai, gobe na ɗalibai, har shekara ta tafi ba karatu. Zaman banza ya kai mu gidan su Lawali a unguwar Zariya. Ɗan ajinmu ne, mahaifinsa babban ɗan kasuwar atamfa, suna da tele da bidiyo da tarin kaset na finafinan ban tsoro. Mu mata muna zama baya, muna rufe ido da gyale. Balki ba ta rufe ido, ba ta kuma rufe baki. Ita ta fara faɗin cewa duk tafiyarsu ɗaya: yarinya mai rawar kai ita ake fara kashewa, mai kunya ita ke kai ƙarshe, abin tsoron kuma mace ce mai farin tufa da gashi a barbaje.

"To wai maza ba sa zama fatalwa ne?" in ji ta. "Ko su in sun mutu hutawarsu suke yi?"

Wallahi na lura da haka kafin ta faɗa. Amma ita ta faɗa, ita ta ba mutane dariya, ita Lawali ya juyo ya kalla.

Da yayansa ya kawo kyamara daga Lome, Lawali ya ce mu ma za mu yi namu. Labarin ba wuya: aljana ta tare a bakin hanyar ruwan da ke shayar da lambunan Jiratawa, tana kama samari, sai malam ya zo ya kore ta. Na so in fito aljanar. Na yi ta gwada dariyarta a ɗaka har innata ta leƙo tana tambayar ko lafiya. Aka ba Balki. Ni aka ba ni yarinyar kirki mai lulluɓi, wadda aikinta ihu da gudu da faɗuwa, a ƙarshe ta tsira.

Balki ta karɓa, ta kuma wargaza tsarin. Ta ƙi farin ƙyalle, ta ƙi shafa alli a fuska, ta ƙi kwance kitso. Ta ce da rana tsaka za a ɗauka, don a nan ƙasar lokacin ne iyaye ke hana yara zuwa gindin tsamiya. Ta ɗaura tsohon zanen innarta, ta zauna bakin ruwa da ƙwarya kamar kowace mai talla. Saurayi ya zo wucewa, sai ta ɗaga kai ta kira sunansa da na uwarsa, ta tambaye shi a hankali abin da ya yi wa wance. Shi ke nan. Ba dariya, ba jini.  Ta kuma ce ba malam ne zai kore ta ba, wata tsohuwa mai cirar albasa ce za ta zauna kusa da ita ta tambaye ta abin da aka yi mata. Wanda zai fito malam ya yi fushi, ya hau motonsa ya koma gari.

Kaset ɗin ya zaga gidajen kallo daga Maraɗi har Tibiri, a lokacin da bai dace da Balki ba. Damina ta makara, wasu na cewa shigar mata ce ta hana ruwa, samari na bin 'yan mata da jifa a kasuwa. Sai ga mace a fim tana tuhumar maza. Yara suka riƙa tserewa in sun hango ta. Dangin mai neman aurenta suka janye, wai abin ba wasa ba ne, da gaske tana da iskoki. Na je in ba ta haƙuri, na tarar da ɗaki cike da mata, har da matan alhazai, kowa na son ta maimaita maganar bakin ruwa. Na zauna bakin ƙofa. Ba wadda ta ce mini, ashe ke ma kin fito. Na koma gida ina jin haushin wadda aka fasa aurenta, ni da ba abin da ya same ni.

Ni Lawali ya aura. Balki ta zama malamar lakwal, wato makarantar boko, a Tibiri, ta yi aure can, ta haifi biyu, zazzaɓi na 'yan kwanaki ya ɗauke ta. Ban taɓa zargin maigidana ba, babu kuma abin zargi. Sai dai har yau in baƙi suka tayar da hirar fim, muryarsa kan canza: "Ai da kun ga Balki a bakin ruwan nan!" Ni kuwa ina gefe ina miƙa musu ruwa.

Yanzu kowane ɗan kabu-kabu na da irin finafinan nan a wayarsa, har da na Hausa. Aljana na tashi sama, idonta na ci da wuta. Amma har yanzu mace ce, har yanzu farin ƙyallen ne, har yanzu namiji ke zuwa da carbi ya yi maganinta, yarinyar da ta yi kwalliya kuma ita ake fara shaƙewa. Da Balki na nan, na san abin da za ta ce: duk shekarun nan an kasa saya wa baiwar Allah zane? Za ta dai ji daɗin ganin 'yan mata riƙe da kyamara da kansu. Kuma na sani, wurinta za su je, ba wurina ba.

Ba zato nake ba. Ɗiyata Nana, da ke jami'a, ta sa an juye tsohon kaset ɗin mahaifinta zuwa waya, ita da ƙawayenta sun kalla har sun haddace. Ta same ni ina tsintar shinkafa.

"Mama, ashe kin san matar nan?"

"Ƙawata ce."

"Kina wurin da aka ɗauka?"

Na ce ta duba yarinyar da ta faɗi cikin fangalin albasa. Ta mayar da hoton baya, ta ƙura ido. "Lah, Mama, ke ce? Wallahi ban kula ba."

Abin da Balki ta bari ke nan: 'ya'ya biyu, ɗaliban da suka zama iyaye a Tibiri, da tambaya ɗaya a bakin ruwa da har yau ke sa ɗaki ya yi tsit. Nana na son a kai ta ta ga inda aka yi abin. Mahaifinta ya ce shi zai kai ta, na ce a'a. Shi ta cikin kyamara ya ga Balki. Ni da idona na gan ta, kuma wannan dai ba zan bar wa kowa ba. Allah ya jiƙanki, ƙawata.