Ranar da ƙanwata ta shiga ajina

Shekarar da rikici ya tashe mu daga bakin Komadugu, muka bar gonar tattasai muka dawo Diffa, ƙanwata tana ƙasar waje tana zurfafa karatun kimiyyar fizik. Ni ma fizik nake koyarwa a wani lise, wato babbar sakandare. Da ta zo hutu na roƙe ta ta shiga ajina, domin yawancin ɗalibaina 'yan gudun hijira ne, jikinsu ya yi sanyi da karatu.

Inna ta ce ƙafarta ƙafarmu. Ta yafa mayafinta na biki, ta zauna a bencin baya.

Ƙanwata ta ciro baƙin maganaɗisu daga lasifikar wata tsohuwar rediyo, ta haɗa shi da pil da ampul, wato batir da ƙwan fitila. Ampul bai kama ba. Ta kai maganaɗisun kusa da ƙusa, ƙusa ta manne.

Saboda Inna, da Hausa ta yi bayani. "Yana jan ƙarfe, amma kuran, wato wutar lantarki, ba ya ratsa shi. A cikin irin wannan dutse akwai tazara da sai ƙwayoyin lantarki sun sami ƙarfin tsallakewa kafin wuta ta wuce. Akwai kuma mitsi-mitsin maganaɗisu a ciki. In dutsen ya yi zafi ƙwarai, kowane ya fuskanci inda ya ga dama. In ya huce sai su jeru, tazarar ta canja. Canjin nan nake aunawa."

Wata ɗaliba daga Bosso, wadda ban taɓa jin muryarta a aji ba, ta miƙe. "Madam, ƙaruwa take yi ko raguwa?"

"A wani dutsen ta ƙaru, a wani ta ragu. A nawa ban gama ganowa ba tukuna."

"To in kin gano, wa zai gaya mana?"

"Malaminku. Ko ke ki zo ki auna da hannunki."

Aji ya fashe da dariya, ɗalibar ba ta yi ba. Da aka tashi ta bi ƙanwata har bakin ƙofa tana tambayar wane fanni ake bi bayan bak, jarrabawar gama lise.

Lokacin an hana hawa babur saboda rikicin, a ƙafa muka koma gida. Duk wadda Inna ta sani a hanya sai ta tare ta: "Ga 'yata nan, duwatsu take aunawa."

Na ce, "Inna, kin dai gane bayanin?"

"Ko kaɗan," in ji ta. "Amma na ga ƙattin samari sun yi mata tsit."